Likitocin farko a Arewa: wa ya riƙe aikin, likita ko disfensa?

Ɗan_Tudunwada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk sanda aka ɗauko tarihin asibiti a Arewa, sunan Dakta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, ake ambata, daga nan a rufe babi. Ba na ja da matsayinsa ko kaɗan. Amma ga abin da nake gani: tun zuwan Turawa har aka sami 'yancin kai a 1960, yawancin mutanen karkara ba su taɓa zama gaban likita mai digiri ba. Wanda ya duba su, ya auna musu magani, ya wanke gyambo, ya yi allura, shi ne disfensa ko malamin sha-ka-tafi na En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Ni a wurina su suka riƙe aikin, kuma su aka fi mantawa da su. Masana a gyara mini.

Bazazzagi_Tarihi: Wa alaikumus salam. Kafin a sauke Dikko daga kujera, a san wane ne shi. An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a 1912 a ƙasar Zazzau, ya tashi a hannun 'yan mishan ɗin CMS, ya yi Kwalejin Sarki ta Legas, sannan ya karanta likitanci a Jami'ar Bamingam ta Ingila. Ya shiga aikin gwamnati a 1940 daga matakin ƙasa, ya hau har ya zama babban sakataren Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta koma jam'iyyar siyasa. Zamanin Gowon ya riƙe kwamishinan tarayya na ma'adinai da lantarki, daga baya na sufuri. Ya rasu a 1977. Asibitin koyarwa na jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Mutum ɗaya ne, gaskiya, amma irin wanda ke zaune inda ake yanke shawarar a buɗe disfensare a gari kaza ne.

Ɗan_Tudunwada: Allah ya ƙara sani Malam. To me ya sa sai 1940? Legas fa ta sami likita ɗan ƙasa, Nathaniel King, tun shekarun 1870.

Bazazzagi_Tarihi: Dalili biyu. Na farko makaranta: ba a zama likita sai da sakandare mai ilimin kimiyya da ɗakin gwaji, kuma Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 malaman makaranta aka kafa ta ta fitar. Shi ya sa 'yan mishan na Wusasa, kusa da Zariya, suka riga kowa, don Dakta Walter Miller na CMS yana tura ɗalibansa Legas. Na biyu doka: a 1902 aka haɗe likitocin gwamnatin Ingila na Afirka ta Yamma a ma'aikata ɗaya, aka sa sharaɗin sai wanda iyayensa Turawa ne. Baƙar fata ko ya fi su takarda, jerinsa daban, albashinsa ƙasa. Makarantar likitanci ta Yaba da aka buɗe a 1930 ma mataimakan likita take yayewa, takardarsu ba ta aiki a wajen Najeriya. Wadda aka buɗe a Kano a tsakiyar shekarun 1950 ba ta daɗe ba. Sai 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci.

Sarkin_Kwalba: Akwai abin da ake cakuɗawa a nan, kuma shi ya sa muhawarar kan rikice. Disfensa daban, malamin sha-ka-tafi daban. Disfensa shi ne wanda ya yi makarantar haɗa magunguna, ta Yaba da aka buɗe a 1927 ko ta Zariya da aka buɗe a 1930, ya ci jarrabawa, aka ba shi izinin riƙe makullin kabad ɗin guba. Yawanci a babban asibiti yake zaune. Malamin sha-ka-tafi kuwa horonsa gajere ne a asibitin lardi, En'e ke biyansa daga baitulmali, kuma ba ya haɗa magani daga tushe. Ana aiko masa da jiƙo mai ƙarfi a manyan kwalabe, shi kuma ya sirka da ruwa bisa adadin da aka rubuta masa.

Aikin disfensa ba na wasa ba ne, don awon da ake yi da shi ba na giram ba ne. Girain ɗaya kusan miligiram 65 ne. Girain 60 su ne diram ɗaya. A ruwa kuma diram 8 su ne oza ɗaya, wato kusan mililita 28. Babbar kwalbar ajiya, wincesta, tana cin oza 80, lita biyu da ɗan ɗori. Inda hatsarin yake: alamar diram da alamar oza a rubutun likita kusan kamarsu ɗaya, ƙugiya ɗaya ce ta raba su a sama. Likita ya yi saurin hannu, disfensa ya karanta oza a gurbin diram, an ba mutum ninki takwas ke nan. Don haka ake koya musu su haddace iyakar kowane magani, in takarda ta wuce iyaka a mayar wa likita ita kafin a taɓa sikeli.

UmmuKhalil: Malam Sarkin_Kwalba, farin maganin nan da tsofaffi ke cewa ana ba kowa a sha-ka-tafi fa, mene ne shi?

Sarkin_Kwalba: Hajiya, mis'alba ke nan, maganin wankin ciki. Gishirin Efsom ne da farar hodar maganiziya a cikin ruwan na'ana'a. Hodar ba ta narkewa, kwanciya take a gindin kwalba, shi ya sa dole a girgiza kafin kowane zubi. In aka yi sakaci, na farkon layi ya sha ruwa-ruwa, na ƙarshe ya sha kauri. Akwai na kawolin don zawo, akwai na tari, akwai na zafin fitsari. Kwinin kuma ba ya narkewa a ruwa zalla, sai an ɗiga masa ruwan asid mai rauni, kusan ɗigo ɗaya ga kowane girain. Na wankin gyambo shi ne yusol: giram 12.5 na farar hodar kulorin, giram 12.5 na borik, a lita ɗaya ta ruwa, a bari ya kwanta a tace. Ba ya wuce mako biyu da ƙarfinsa, rana da zafi na kashe shi, don haka kwalba mai duhu ake sa shi.

Jikan_Wanzami: Ina da ja a kan kalmar "farko". Kafin Bature ya sauka Lakwaja akwai masu aikin lafiya da sarautunsu. Wanzami na yin ƙaho da kaciya da sakiya da cire beli. Maɗori na ɗora karaya da karan dawa ko tsinken gora, ya ɗaure, ya dawo yana sassautawa in wurin ya kumbura. Ungozoma na karɓar haihuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani, har da ciwon ido da basir. In za a ce farko, a ce farkon likitancin asibiti.

Nas_Mai_Ritaya: Gyaran ya karɓu, ɗana. Sai dai a faɗi duka biyun. Ɗorin gida na kama karayar da ba ta fasa fata ba, amma in an matse ɗaurin jini ya daina zagawa, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙarshenta sai yanke hannu. Alamar da ake dubawa ita ce a danna farce, in bai dawo ja nan da nan ba a kwance ɗauri. Cire beli kuma ga jariri zubar jini da sanƙarewar haƙora ne hatsarinsa, don aska ɗaya ke zaga gidaje.

Ɗan_Anchau: Ku dawo kan tambayar Ɗan_Tudunwada, don cutar barci ta fi komai goyon bayansa. A shekarun 1930 cutar ta yi wa ƙasar Zazzau da kewaye mummunan kamu, gwamnati ta kafa sashe na musamman mai ayarin yawo. Likita Bature ɗaya, sauran duk 'yan ƙasa ne da aka horar. Tsarin shi ne: hakimi ya sa dagaci ya tara gari kaf bisa takardar haraji. A jera mutane, ma'aikaci ya bi yana shafa bayan wuya yana neman kaluluwa. Wanda aka samu da ita a ware shi. A kama kaluluwar da yatsu biyu, a soka busasshiyar allura, a ɗan matsa, a fesa ruwan da ya shiga allurar a kan gilashi, a rufe, a duba a madubin likita nan take tun ƙwayar na motsi. In allurar da danshin ruwa a ciki, ko aka bar gilashin ya bushe, ƙwayar ta mutu, sai a sallami mai ciwo a ce lafiyarsa lau.

Maganin kuwa allurar jijiya ce, antirifol da tirifasamaid. Na biyun kusan giram 2 ake ba babba, a bar kwana biyar zuwa bakwai tsakanin allura da allura. Sinadarin asanik ne a cikinsa, yana taɓa jijiyar gani. Doka ce kafin kowace allura a tambayi mutum ko yana ganin hazo ko walƙiya, ko ganinsa ya ƙuntata kamar mai leƙe ta cikin bututu. Da ya ce e, an tsaya ke nan. Wanda ke yin wannan tambayar da Hausa a gindin bishiya ba likita ba ne.

Sannan aka gane allura kaɗai ba ta isa ba muddin ƙudan tsando na nan a bakin rafi. Shi ne aka yi aikin Anchau, wanda masanin ƙwari T.A.M. Nash ya yi fice a kansa: a sare kurmin bakin rafuka, a tashi ƙananan ƙauyuka a tara su inda noma zai hana daji dawowa, a gina rijiyoyin siminti. Sabon garin aka sa masa suna Takalafiya.

Bagarwa: Abin da Ɗan_Anchau ya faɗa game da ido ya faru a nan Kamaru ƙarara. Dakta Eugène Jamot ne ya tsara wannan salon ayarin yawo, yana horar da ma'aikatansa a Ayos, kowane mutum aiki ɗaya: mai shafa wuya, mai sokawa, mai duba madubi, mai allura. A yankin Bafia wani ƙaramin likita da ke ƙarƙashinsa ya ƙara yawan tirifasamaid fiye da ƙa'ida, ɗaruruwan mutane suka makance, laifin ya hau kan Jamot. A lura, likita ne ya sauya awon, ba ma'aikatan ba.

Bazazzagi_Tarihi: Wannan misalin kaifi biyu gare shi, Malam Bagarwa. Ya nuna kuskuren likita ɗaya na iya cin gari, amma ya nuna shi ke yanke awon. Ma'aikaci ba ya ƙirƙirar tsari, bi yake. Af, tunda an ambaci Anchau, can aka haifi Farfesa Ishaya Audu a 1927, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A zamaninsa aka buɗe sashen likitancin.

BaMaraɗe: A ɓangarenmu na Nijar hanyar daban ce. Faransa ta buɗe makarantar likitanci a Dakar a 1918 don duk ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Shekara huɗu ake yi, a fito da matsayin mataimakin likita, wanda daga baya aka koma kira likitan Afirka. Makarantar na fitar da masu haɗa magani da ungozomomi ma. Houphouët-Boigny na Kodebuwa can ya gama a 1925. A takarda suna ƙarƙashin likitan soja Bafaranshe, a aikace su ke riƙe da likitar gari sukutum, har tiyatar gwaiwa. Mu a nan "likita" ma sunan gidan ne, a ce an kai shi likita. Yamai ba ta sami makarantar likitancinta ba sai a shekarun 1970. Asibitin Galmi kuwa ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe shi a 1950, Dakta Burt Long ne likitansa na farko.

Sarkin_Kwalba: Tunda an zo kan SIM, ga mutumin da ya haɗa sana'o'in biyu: Andrew Stirrett, ɗan Kanada. Mai shagon magani ne a Toronto, ya karanta likitanci, ya bar dukiyarsa ya iso Patigi a 1902, ya rasu a Jos a 1948. Hausawa "Bature mai magani" suke ce masa. Ayarin farko na mishan ɗin, na 1893, mutum biyu cikin uku suka mutu cikin shekara guda. Abin da ya sauya lissafi shi ne horon shan kwinin girain biyar kullum, da gidan sauro, da tafasa ruwan sha.

Malam_Na_Ƙofa: A faɗi gaskiya dai, asibitin mishan da wa'azi tare suke tafiya, shi ya sa sarakuna suka daɗe ba su yarda sun shigo birane ba.

UmmuKhalil: Haka ne, kuma kuturta ce ta buɗe musu ƙofar. A shekarun 1930 aka danƙa wa SIM zangon kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Garkida tun 1929 take da nata a hannun mishan ɗin 'Yan'uwa. Asibitin ido na Kano kuma 1943.

Nas_Mai_Ritaya: Aikin kuturta na da wuya ƙwarai kafin ƙwaya ta zo. Man wata bishiyar Indiya ake amfani da shi, mai kauri, sai an ɗumama shi kafin ya bi allura. A bi tabon fata ana soka shi ɗigo-ɗigo, wuri da yawa a zama ɗaya, mako bayan mako har shekaru. Ga zafi, ga ƙurji, amfanin kuma kaɗan. A ƙarshen shekarun 1940 Dakta John Lowe a Uzuakoli, kudu maso gabashin Najeriya, ya tabbatar ana iya haɗiyar ƙwayar dafson in an rage awo. Daga nan Dakta Charles Ross ya baza ɗakunan shan magani na mako-mako a Arewa, mai ciwo ya zauna a gidansa. Wa ke riƙe da su? Malamin kuturta a kan keke, da rajista da gwangwanin ƙwaya. Ƙa'idarsa: a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali, a sa mutum ya haɗiye a gabansa, a duba cikin fatar ido don ƙarancin jini, in fata ta fara saɓa ko zazzaɓi ya taso a dakatar. Matsalar da ta biyo baya ita ce shan magani ɗaya tilo shekara da shekaru, da tsallake makonni, ya sa ƙwayar cutar ta saba da shi. Shi ya sa a farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma haɗa magani uku.

Ɗan_Tudunwada: To Baba Nas, ai maganata ce kike tabbatarwa.

Nas_Mai_Ritaya: Rabinta. Ɗaya rabin ba zai yi maka daɗi ba. Son allura da ya kama mutanenmu daga wannan zamanin ya samo asali. Allurar tunjere, wadda ake kira NAB, garin hoda ce rawaya a kwalbar da aka liƙe. A narka ta a tataccen ruwa a yi ta nan take, don in ta sha iska gubarta ƙaruwa take. Allura biyu ko uku miki ya bushe, mutane suka ɗauka duk cuta haka take. Wasu ma'aikata suka riƙa yin allura a gida ana biyansu, ba tafasa sirinji. Sirinjin gilashi ne, ƙa'ida a wargaza shi a tafasa minti 20, allurar a wasa ta a dutse, a gwada bakinta a auduga ko ta yi ƙugiya. In aka tsallake wannan, ga ƙurjin allura, ga shawara. Kwinin kuma in aka soka shi a tsakiyar ɗuwawu maimakon sama ta gefen waje, ya taɓa babbar jijiya, ƙafar yaro ta shanye. Inda likita ke zagayawa yana duba rajista yana ƙirga kwalabe, irin wannan na raguwa.

Takari_Omdurman: Gaisuwa daga Sudan. Maganin tsargiya na farko a Khartoum aka gano amfaninsa, Dakta Christopherson, wajen 1918. Allurar antimoni ce ta jijiya, a fara da rabin girain a kai girain biyu, ana tsallake rana, har jimla ta kai 25 zuwa 30. Sai an tura ta a hankali, mai ciwo na kwance, in ba haka ba tari da amai su turnuƙe shi. Ɗigo ɗaya ya zuba a wajen jijiya naman wurin ya ruɓe. Makarantar likitanci ta Kitchener da ke Khartoum kuma 1924 aka buɗe ta, ta riga ta Yaba da shekara shida.

Dubagari: An manta da mu, masu duba-gari da masu lamba, wato rigakafin agana. Ruwan lambar agana na da ba ya jure zafi, kafin ya iso ƙauye a kan doki sau da yawa ya mutu. Don haka ba a ƙirga wanda aka yi wa, sai an dawo bayan mako an ga ƙurjin ya tashi. Busasshen ruwan lamba ne ya warware matsalar, da shi aka yi gangamin da ya fara a 1967, kuma a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Najeriya.

Malam_Na_Ƙofa: Sanƙarau fa? Shi ne abin tsoron bazara.

Sarkin_Kwalba: Kafin 1938 babu abin yi sai ware mai ciwo a rumfa a bayan gari. Da ƙwayar M&B 693 ta fito, mace-mace suka ragu ƙwarai, kuma ƙwaya ce da malamin sha-ka-tafi zai iya bayarwa. Wanda ya suma a daka masa a ɗura. Sharaɗinta ruwa mai yawa, don tana daskarewa a ƙoda ta toshe fitsari, ga shi lokacin zafi ne jiki a bushe. Ana auna fitsarin mai ciwo kullum, in ya ragu ko ya yi ja a tsaya a ƙara ruwa.

Bazazzagi_Tarihi: Ɗan_Tudunwada, dalilin da ya sa sunayen mutanenka suka ɓace a fili yake. Likita na cikin jerin manyan ma'aikata da gwamnati ke bugawa, da ranar ɗaukarsa da takardunsa. Malamin sha-ka-tafi sunansa na cikin takardar albashin En'e ne kawai, rahoton shekara kuma adadin marasa lafiyar da suka zo yake kawowa. Mai son tono su ya nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ya nemi fayilolin lardi-lardi na disfensare da kasafin baitulmali.

UmmuKhalil: A nemo da na mata a ciki. Matan kulle ba sa zuwa gaban malamin sha-ka-tafi, don haka duk abin da aka lissafa a sama rabin gari ya fi amfana. Sai da aka sami nas-nas da ungozomomin asibiti mata suna shiga gidaje aka fara ganin masu ciki. Wa ya san shekarar da asibitin birni na Kano ya buɗe ɓangaren mata? Shi kansa asibitin, wanda yanzu ake kira na Murtala, En'e ce ta gina shi a ƙarshen shekarun 1920.

Ɗan_Anchau: Hajiya, ayarin cutar barci dai ba ya tsallake mata, don in an bar mutum ɗaya da ƙwayar a jininsa ƙuda zai sake ɗauka a bakin rafi, kuma mata da yara su suka fi zuwa ɗiban ruwa. A zauren gida ake tsayawa, a fito da su ɗaya bayan ɗaya, mai gida na tsaye.

BaMaraɗe: Wani ya taimaka da bayanin makarantar haɗa magani ta Zariya: shekara nawa ake yi a cikinta, kuma takardar da take bayarwa na ba mutum damar buɗe kemis nasa, ko sai aikin gwamnati kaɗai? Ina so in gwada ta da ta Dakar.